Zazzaɓin da Ba Shi da Suna: Lassa, 1969

A gidajenmu, idan jikin mutum ya yi zafi, akwai hanyar da muka saba bi. A taɓa goshinsa da bayan hannu, a ce zazzaɓi ne, a aiki yaro kemis ya karɓo maganin maleriya. In kwana uku suka wuce jiki bai sauka ba, sai a ce to taifod ne, a sauya magani, wani lokaci har a kira mai allura ya ɗaura ƙarin ruwa a ɗaki. Sau da yawa mutum yakan tashi, shi ya sa muka amince da wannan hanya. Amma akwai ranar da takan ƙi aiki. A irin wannan rana ce labarinmu ya fara, a wani ƙaramin asibiti da ke kudancin Borno, fiye da shekara hamsin da suka wuce.

Lassa gari ne na Margi, a ƙaramar hukumar Askira/Uba ta jihar Borno a yau, ba nisa da iyakar Kamaru. A 1969 yana cikin Jihar Arewa maso Gabas, ƙasa kuma tana tsakiyar yaƙin basasa. Akwai asibitin mishan a garin, na mishan ɗin da ya haifar da cocin da ake kira EYN. Cikin ma'aikatansa akwai wata dattijuwar nas Ba'amurkiya mai suna Laura Wine, wadda ta kusa shekara saba'in. A watan Janairu ta fara kukan ciwon baya da ciwon maƙogwaro, zazzaɓi ya biyo baya. Likitan asibitin ya yi abin da kowane likita zai yi a wannan wuri a wannan lokaci: ya ba ta maganin maleriya, ya kuma yi mata allurar penisilin. Jiki bai saurara ba. Miki ya fito mata a baki da maƙogwaro, fitsari ya ragu, ƙarfi ya ƙare. Sai aka ɗauke ta a ƙaramin jirgin sama zuwa Jos, asibitin mishan na Bingham. Washegarin isarta ta rasu, ba wanda ya iya faɗin abin da ya kashe ta.

Alama da cuta

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu tsaya a kan kalmar zazzaɓi. A bakinmu ta zama kamar sunan cuta, alhali a wurin likita alama ce kawai. Jiki ne yake ɗaga zafinsa da kansa idan ya ji wani baƙon abu ya shige shi. Maleriya takan jawo haka, taifod ma haka, sanƙarau, ciwon huhu, ƙyanda, ƙurji mai ruwa, ko ciwon mafitsara, duk sukan zo da zafin jiki. Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan matsala ta wata fuskar. Mai waya zai zo ya ce manhaja ta tsaya cak, shi ke nan abin da ya gani. Dalilan da za su sa ta tsaya kuwa sun fi a ƙirga, kuma wanda ya kama gyara kafin ya gano dalili yakan ƙara ɓata ta. Bambancin kawai, mu muna iya kashe na'ura mu sake kunnawa, likita ba shi da wannan dama.

Aikin gano cuta daga alamominta tsohon aiki ne. Abubakar Ar-Razi, likitan nan na garin Rayyu a ƙasar Farisa wanda ya rasu wajen shekarar 925, ya shahara da rubutun da ya bambanta agana da ƙyanda, cututtuka biyu da duka suke zuwa da zazzaɓi da ƙuraje. Da ido da natsuwa ya yi wannan aiki, yana lura da abin da ya fara fitowa da abin da ya biyo baya. An yi ƙarnuka likitoci ba su da makamin da ya wuce irin nasa. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara ganin masu laifin da ido. A 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran, yana aiki a Aljeriya, ya hangi ƙwayar maleriya a cikin jinin majiyyaci ta madubin ƙara girma. A 1882 Robert Koch na Jamus ya bayyana ƙwayar tarin fuka. Koch ya kuma shimfiɗa sharuɗɗa: kafin a ɗora wa wata ƙwaya laifin wata cuta, sai an same ta a jikin masu ciwon, an raba ta da sauran ƙwayoyi an rene ta ita kaɗai, an nuna tana jawo ciwon idan ta shiga jiki mai lafiya, sannan an sake samo ta a wannan jikin.

Daga nan ne tambayar likita ta sauya. Da can ana tambaya wane irin zazzaɓi ne, mai rawar ɗari ko mai ƙuraje. Yanzu sai aka koma tambayar mene ne ya shiga jikin. Likita yakan jera dukan cututtukan da za su iya ba da alamomin da ke gabansa, ya riƙa soke su ɗaya bayan ɗaya, da tambayoyi, da duba jiki, da gwaji. Likitocin Jos sun yi haka da Laura Wine. Sun duba maleriya, sun yi tunanin taifod da shawara. Suka soke duk abin da ke cikin jerinsu, ciwo kuma yana nan a gabansu.

Yadda ta shiga

Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi jinyar Laura Wine a Jos ita ce wata nas mai suna Charlotte Shaw. Kafin a kawo majiyyaciyar, ƙayar fure ta soke ta a yatsa a lambunta, ɗan ciwon da ba wanda zai kula da shi. Da wannan hannu ta naɗa bandeji ta goge bakin maras lafiyar. Ta wanke hannu bayan ta gama, ta ci gaba da aikinta lafiya lau. Bayan kimanin mako guda sai ciwon kai da ciwon baya da zazzaɓi suka kwantar da ita. Ita ma maganin maleriya ta fara sha. Kafin tsakiyar Fabrairu ta rasu.

A cikin wannan ɗan labari akwai kusan duk abin da ake koya wa ɗalibin kiwon lafiya game da kamuwa da cuta. Ƙwayar cuta tana buƙatar inda take zaune, da ƙofar fita daga can, da abin da zai ɗauke ta, da ƙofar shiga sabon jiki. A nan jinin majiyyaciya da yawunta su ne mazauni da mafita, bandeji da hannu su ne hanya, ɗan yankan ƙaya shi ne ƙofa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar mutum ita ce bangonsa, safar hannu kuwa bango na biyu ce, shi ya sa malaman asibiti suke nanata ta har ɗalibi ya gaji da ji.

Akwai kuma darasin kwanakin nan da Charlotte Shaw ta yi tana yawo da ƙafarta. Ƙwaya ba ta kwantar da mutum ranar da ta shige shi. Takan ɗauki lokaci tana hayayyafa a ɓoye kafin jiki ya nuna alama. Ga wannan cuta, lokacin yakan kai har kwana 21. Wannan ne dalilin da ya sa a yau, idan aka tabbatar wani ya kamu, ake sa ido a kan duk wanda ya yi mu'amala da shi na tsawon mako uku.

Likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup, ta yi binciken gawar Charlotte Shaw don ta ga abin da ciwon ya yi wa hanta da ƙoda da sauran kayan ciki. Wadda ta taimaka mata ita ce babbar nas Lily Pinneo, wadda ake kira Penny, ita ce kuma ta yi jinyar matan biyu. Kafin watan ya ƙare, Penny ta kwanta. A wannan karo ba a tsaya jira ba. Aka kai ta Legas, daga can aka sa ta a jirgin fasinja zuwa New York, tare da samfurin jininta da na abokan aikinta da suka rasu. Ta yi makonni a asibitin jami'ar Columbia tsakanin rai da mutuwa, daga bisani ta tashi.

Neman mai laifi

Wani likita mai suna John Frame, wanda yake kula da lafiyar ma'aikatan mishan ɗin daga New York, shi ne ya aika samfuran zuwa wani ɗakin bincike na jami'ar Yale. Masanan can, cikinsu har da Jordi Casals da Sonja Buckley, sun ƙware a kan nau'in ƙwayar cuta da ake kira bairos. Bairos ya sha bamban da bakteriya, irin mai jawo taifod ko tarin fuka. Ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, madubin asibiti na yau da kullum ba ya ganinsa, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halitta mai rai. Penisilin da danginsa bakteriya suke kashewa, ba su da tasiri a kan bairos. Ashe tun a Lassa allurar da aka yi wa Laura Wine ba ta da abin da za ta kama.

Sonja Buckley ta zuba ɗigon jinin a kan ƙwayoyin halittar ƙodar biri da ake renonsu a cikin kwalabe. Bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin suka fara lalacewa, alamar akwai wani abu mai rai a cikin jinin. Aka gwada shi da tarin bairos da aka riga aka sani daga sassan duniya, bai dace da ko ɗaya ba. Daga baya, da aka duba shi da madubi mai aiki da lantarki, aka ga wasu ɗigo-ɗigo a cikinsa kamar rairayi, aka sa shi a dangin da sunansu ya samo asali daga kalmar rairayi a harshen Latin. Shi kansa kuwa aka raɗa masa sunan garin da Laura Wine ta kamu.

Binciken bai tafi kyauta ba. A watan Yuni 1969 Casals ya kamu. Da jikinsa ya tsananta, likitoci suka tuna da Penny Pinneo. Mutumin da ya warke daga cuta, jininsa yakan riƙe wasu sinadaran garkuwa da jiki ya ƙera musamman don wannan cuta. Aka ɗebi ruwan jininta aka ƙara masa, ya rayu. Waɗannan sinadarai suna da wani amfani na biyu: tamkar sawu ne da cuta ta bari, ana iya gwada jinin mutum a gane ta taɓa ratsa jikinsa ko da ya daɗe da warkewa. A ƙarshen shekarar wani ma'aikacin ɗakin binciken mai suna Juan Roman ya kamu ya rasu, alhali ba shi ne yake aiki da ƙwayar ba. Yale ta dakatar da aiki da bairos mai rai, aka mayar da shi cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka da ke Atlanta, inda ake da ɗaki mai tsaro na musamman.

A farkon 1970 cutar ta dawo Jos, wannan karo a kan 'yan ƙasa. Daga wata majiyyaciya da aka kwantar a ɗakin mata, ta bazu zuwa maƙwabtan gadonta, da masu jinya, da 'yan dubiya, da ma'aikata. An ƙirga mutum 28 da suka kamu, 13 suka rasu. Dokta Troup ta ga alamomin da ta gani bara, ta so ta tabbatar. Tana cikin binciken wata gawa wuƙa ta yanke ta a yatsa. Ta san abin da wannan yanka yake nufi. A watan Fabrairu 1970 ta rasu. Penny Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta don a ƙara wa likitar, ta iso an riga an yi rashi.

Ɓera da daddawa

Saura tambaya ɗaya: ina ƙwayar take zama idan ba ta jikin mutum? A 1972 annoba ta ɓarke a yankin Panguma na ƙasar Saliyo. Masu bincike suka ɗana tarko a gidaje da gonaki, suka kama ɓeraye da jemagu da sauran ƙananan dabbobi, suka gwada su. Aka sami ƙwayar a jikin wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda masana ke kira Mastomys, ɓeran da ya cika ƙauyuka da rumbuna a faɗin Afirka kudu da Sahara. Shi ba ya ciwo. Yana ɗauke da ƙwayar yana zubar da ita a fitsari da kashi, a kan hatsin da aka shanya, a cikin kwanon da aka bari a buɗe, a ƙurar ɗakin da za a share da safe. Akwai kuma masu kama shi su ci. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: yadda muke ajiye abinci da shara yana cikin abin da ke jawo shi ɗakunanmu, musamman da rani, lokacin da aka fi samun masu kamuwa a Najeriya.

Ɓeran nan yana koya mana cewa ɗaukar ƙwaya daban, yin ciwo daban. Haka abin yake ko a jikin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu da Lassa ba sa nuna alama, ko kuma ɗan zazzaɓi ne ya wuce. Cikin dukan masu kamuwa, kusan ɗaya cikin 100 ne ke mutuwa. Amma cikin waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti, adadin yakan kai 15 cikin 100, wani lokaci ya zarce. Mai ciki a watannin ƙarshe tana cikin haɗari mafi girma, ita da abin da ke cikinta. Cikin waɗanda suka tashi, kusan ɗaya cikin huɗu yakan sami matsalar ji, wasu ta warware, wasu ta zauna.

A 2015 masana suka fitar da sakamakon nazarin ƙwayoyin gadon wannan bairos, suka nuna cewa ya fi shekara dubu yana nan a ƙasar da ake kira Najeriya a yau, daga nan ya bazu yamma. Wato abin da aka gano a 1969 ya riga kakannin kakanninmu zama a wurin. Mutane sun yi ta kamuwa, wasu suna tashi, wasu ana binne su da sunan zazzaɓi ko shawara ko wani abin da aka ga ya dace. Cutar ta sami suna ne a ranar da ta kama mutanen da ake da halin ɗaukar jininsu a jirgi zuwa wani ɗakin bincike a ƙetaren teku. Sunayen nas uku da likita ɗaya suna cikin littattafai. Mutanen Jos da suka mutu a 1970 sun shiga tarihi a matsayin adadi. Mutanen Lassa kuwa aka bar su da sunan garinsu a manne da cuta. Sai a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina raɗa wa sababbin cututtuka sunayen garuruwa da ƙasashe, amma ta zo a makare ga Lassa.

Inda muke yau

Yanzu ba sai an kai jini Amurka ba. Akwai gwajin da ake kira PCR, wanda yake neman ƙwayoyin gadon bairos kai tsaye a cikin jini, ya riɓanya su har na'ura ta iya gani. Asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo ya zama babbar cibiyar gwaji da jinyar Lassa, hukumar NCDC kuma tana da wasu ɗakunan gwaji a sassan ƙasa. Duk shekara ana samun masu kamuwa, musamman a Ondo, Edo, Bauchi da Taraba. Akwai magani mai suna ribabirin da aka daɗe ana amfani da shi. Binciken da aka yi a Saliyo aka wallafa a 1986 ya nuna ya fi amfani idan aka fara shi cikin kwana shida na farkon ciwo, ko da yake masana na baya sun nemi a sake auna ƙarfinsa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne, wanda aka kai asibiti da wuri, aka kula da ruwan jikinsa da ƙodarsa, ya fi samun damar tashi.

A nan ne hanyar gidajenmu take cin mu. Kwana uku a kan maganin maleriya, kwana uku a kan na taifod, kwana shida sun tafi ke nan kafin a fara tunanin asibiti. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, gwajin kuma ɗan tsinke ne da ke ba da amsa cikin kamar minti 20. Gwajin taifod da muka fi sani, wato Widal, an ƙirƙiro shi tun 1896, kuma sawun garkuwa yake nema. A wurin da taifod ta zama ruwan dare, yakan nuna akwai ciwo a jikin wanda ya daɗe da warkewa, ko wanda wani ciwon daban ke damunsa. Ko gwajin maleriya ya nuna akwai ta, hakan bai rufe ƙofa ba, domin mutum yana iya ɗauke da cuta biyu a lokaci guda. Takardar gwaji shaida ce guda ɗaya, likita ne zai haɗa ta da labarin majiyyaci da abin da idonsa ya gani.

Ma'aikatan lafiya har yau su ne a bakin wuta. A Janairu 2020 Kano ta yi rashin likitoci biyu sanadiyyar wannan cuta, shekara hamsin cif bayan annobar Jos. Ɗalibin da ke koyon aikin jinya ko likitanci a yau zai haɗu da majiyyaci mai zafin jiki a ranarsa ta farko a asibiti, zai kuma haɗu da dubbai bayansa. Mafi yawansu maleriya ce, gaskiya ne. Ba zai san wanne ne ba ita ba ta hanyar kallon fuska, don haka safar hannu da wanke hannu na kowane majiyyaci ne, tun kafin sakamako ya fito.

Mu da ba likitoci ba, namu ya fi sauƙi. Mu rufe abinci, mu toshe ramukan ɗaki, mu daina shanya hatsi inda ɓera zai bi ta kai. Idan wani namu ya kwanta, a gwada kafin a sha magani. In an sha maganin maleriya kwana biyu ko uku jiki bai sauka ba, ballantana in ga ciwon maƙogwaro, ko amai, ko kumburin fuska, ko jini daga hanci ko dasashi, to lokacin komawa kemis ya wuce, sai asibiti. Mai jinya ya kiyaye hannunsa daga jini da amai da fitsarin maras lafiya. In an isa gaban likita, a gaya masa ranar da ciwon ya fara, da magungunan da aka sha, da garin da aka je kwanan nan, da ko wani a gidan ya yi irin wannan ciwo. Da waɗannan amsoshi ne zai san ko ya kamata ya ɗauki jini ya aika a nemo Lassa.